Yadda Za Ka Bar Tarbiyyarka a Mota Ka Zama Ɗan Kulob ɗin Golf

Bi matakan nan daki-daki, ba tsallake, ba ƙari, ni kuma na yi maka alkawarin ranar da maigadin kulob ɗin golf zai ɗage maka ƙarfen ƙofa tun daga nesa, ba tare da ya leƙo ya ce "wajen wa?" ba. Ba sai ka iya wasan ba. Rabin mutanen da ke ciki ba su iya ba, ɗaya rabin kuma sun taɓa iyawa. Abu ɗaya ake nema a wurinka: duk abin da mahaifiyarka ta sha wahala ta koya maka, ka naɗe shi ka bar shi a mota.

Hanyar nan gwadaddiya ce. An gwada ta a kan mutumin da ya fi kowa rashin dacewa da ita, wato ƙanena, wanda duk asibitin da ya yi aiki ba a san shi da wani suna ba sai Ya-Jiki. In har ta yi masa amfani, kai ma ka sa rai.

Mataki na ɗaya: Ka rasa wurin zuwa

Kada ka yarda da masu cewa son motsa jiki ke kai mutum golf. Mai son motsa jiki ga tsintsiya nan a bayan ƙofa. Abin da ke kai mutum golf shi ne gari ya waye, ya yi wanka, ya sa kaya, ya tsaya a tsakar falo riƙe da makullin mota, ya rasa inda zai ce za shi.

Ya-Jiki ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan tagar ba da magani. Duk wanda ya miƙo takardar likita sai ya fara jin "Sannu, ya jiki?" kafin ya ji sau nawa zai sha. Ya gaishe da mai zazzaɓi, ya gaishe da wanda ya rako shi, ya gaishe da wanda ya yi ɓatan kai yana neman ɗakin hoto. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, aka ba shi hannu, aka sa wani a tagar. Gaisuwar kuwa ba ta yi ritaya ba. Ta biyo shi gida ta rasa mai amsawa. Yara sun watse, matarsa da sassafe take fita shagonta na ɗinki. Har mai kawo gas ya koma ajiye tukunya a bakin ƙofa ya danna ƙararrawa ya gudu, don zuwansa na baya sai da aka tambaye shi lafiyar kakarsa.

Rannan matar ta dawo ta tarar ya fito da kwalaben kicin ɗinta kaf, ya goge, ya jera, kowacce ya manna mata 'yar takarda mai nuna ranar da za ta lalace. Har gishiri.

"Baban yara," in ji ta, "zauna mu yi magana. Ni ban yi ritaya ba, kicin ɗina ma bai yi ba. Ko dai ka nemi inda za ka riƙa zuwa, ko ka biyo ni shago in koya maka sa maɓalli."

"Maɓalli? Ni?"

"Akwai kujera kusa da ƙofa. Ka gaishe da duk wanda ya shigo har ka ƙoshi."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. To, ka ga abin da ake nufi da sha'awar wasanni. In ba ka da kujerar maɓalli tana jiranka, koma ka kwanta, lokacinka bai yi ba.

Mataki na biyu: Nemo wanda zai ɗauki kunyarka

Ba a shiga kulob da ƙafa, sai a bayan wani. Dole wani memba ya kawo ka, ya ce ya san ka, ya kuma amsa kira duk ranar da ka yi abin kunya. Saboda haka kada ka nemi aboki, aboki yana iya ƙi. Nemi wanda ke auren 'yar gidanku.

Ya-Jiki ya nufi mijin ƙanwarmu, tsohon manajan banki, wanda har a gida Manaja ake ce masa. Manaja ya saurara, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya zayyana yadda abin yake: za a bar ka ka riƙa zuwa a matsayin baƙo ana kallon halinka, daga nan a sa ranar da za ka zaga fili tare da Ciyaman, wani tsohon alƙali, sai kwamiti ya zauna ya yi ƙuri'a. Ƙuri'ar kuwa kowa fuskar Ciyaman yake kallo kafin ya ɗaga hannu.

"Yaya, alfarma ɗaya nake roƙo," in ji Manaja. "In mun je can, kada ka yi kirki."

"Kamar yaya?"

"Kamar yadda ka saba. Ka rage. Ka rage sosai."

Mataki na uku: Sa kayan da za su hana a gane ka a gida

Riga mai kwala, a cusa ta cikin wando, ko da tumbinka ya nemi a yi masa afuwa. Hular hana-sallah a kai in kana fili, a hannu in ka shiga zauren kulob. In ka juya lissafin, wani zai yi maka tari. Safar hannu ɗaya tak ake sawa. Kada ka koma wurin mai shago kana cewa ya manta bai ba ka 'yar'uwarta ba. Ya-Jiki ya koma.

Takalmin kuma ba a cire shi, ko me idonka ya gani. A ƙarshen kowane zango akwai wata shimfiɗar ciyawa da aka aske ta fi kafet ɗin falonka laushi, da ɗan rami a tsakiya da tuta a ciki. Can ake son ƙwallon ta shiga. Ya-Jiki ya iso bakinta, ya ga tsabta irin wadda bai taɓa gani a waje ba, ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya jera su a gefe, ya taka da safa.

"Yaya!" Manaja ya ce ta cikin haƙora. "Me kake yi?"

"Haba Manaja, dubi wurin nan. Wani ne fa ya sha wahalar gyara shi."

Mataki na huɗu: Haɗiye gaisuwa

An ce gaisuwa ba ta ɓata komai. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a bayan mai shirin bugun golf ba.

Ga yadda abin yake. Mutum zai dasa ƙwallo a kan ɗan tsinke, ya buɗe ƙafa, ya karkaɗa ƙugu, ya dubi nesa, ya dubi ƙwallo, ya sake duban nesa kamar mai jiran saƙo. Duk wannan lokaci duniya za ta tsaya. Ba tari, ba atishawa, ba motsin makulli a aljihu. Tsuntsu ma in ya yi kuka sai an harare shi.

A irin wannan shirun Ya-Jiki ya iso ya tarar da wani tsohon soja, Kanar, ɗan kwamiti, ya ɗaga sanda har bayan kunne. Ya-Jiki ya ga dattijo, ya ga safiya, ya ga ba wanda ya ce masa komai. Abin ya taso masa tun daga ciki.

"Salamu alaikum! An tashi lafiya?"

Ƙwallon ta tafi, amma ba inda aka aike ta ba. An ji ƙararta a kan rufin wata mota.

Ka lura da wannan kuma: a golf ba a yi wa mutum sannu. In ya kai duka ya sari ƙasa, ciyawa ta tashi sama ƙwallo na zaune inda take, ba kuskure ya yi ba. Iska ce, ko sabuwar sanda, ko wani ya yi numfashi. Sannu tana nufin ka gani, kuma ganin ne laifin.

Sai lissafi. A duk wasan da ka sani mai yawa ke ci. A nan mai kaɗan ne gwani. Kada ka nemi dalili, mutanen da suka ƙirƙiro safar hannu ɗaya ba a tambayarsu dalili. Da aka tashi rannan Ya-Jiki ya so ya gyara tsakaninsa da Kanar. Ya ji an ce Kanar ya fi kowa yawan bugu, sai ya tare shi a bakin zaure, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, na ji kai ne a sama yau. Allah ya ƙara!"

Mataki na biyar: Kada ka taimaki kowa, musamman dattijo

Za a haɗa ka da mai ɗaukar jakar sanduna. Bar shi ya ɗauka, aikinsa ne. Wanda aka ba Ya-Jiki ya girme shi, gemu fari fat. Ya-Jiki ya ce atafau ba za a yi haka da shi ba, ya kama maɗaurin jakar. Tsohon ya ɗauka korarsa ake so a yi, shi ma ya riƙe. Suka yi ta ja, wannan na cewa "Baba, don Allah kawo," wancan na cewa "Yallaɓai, ka rufa min asiri," har sandunan suka zube a kan hanya.

Wannan mai sauƙi ne. Babbar dokar ita ce: ƙwallon wani, inda ta faɗi nan take zama. Ko a ƙaya, ko a taɓo, ko a ƙarƙashin motar yankan ciyawa. Ba a taɓa ta. Mai ita zai zo ya buga ta daga nan, ko shekarunsa nawa, ko bayansa na ciwo.

Ranar wata gasa Ya-Jiki yana tsaye kusa da tuta yana kallo, sai ga ƙwallo daga sama, tim, ta gangaro ta tsaya tazarar ɗan yatsa daga bakin rami. Ya hanga can nesa ya ga dattijo yana tahowa cikin rana yana ɗaga hannu. Zuciyarsa ta karye. A ce bawan Allah ya tako duk wannan nisan don ɗan wannan abu? Ya ɗauke ta, ya goge a rigarsa, ya ruga ya tarye shi a rabin hanya, ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu.

Kanar ne. Bugun da bai taɓa yin irinsa ba tun da ya fara riƙe sanda, kuma ba wanda ya ga inda ta tsaya sai wanda ya ɗauke ta.

Da yamma aka kira Manaja ofishin sakatare. Ya fito fuskarsa kamar an wanke ta da toka.

"Yaya, sun ce saura ɗaya. In ka ƙara, kai da kulob sai dai ka hango shi ta shinge, ni kuma in koma buga ƙwallo a bayan gida. Don girman Allah, hannunka a aljihu, bakinka a rufe."

A hanyar gida Ya-Jiki ya bi ta gaban shagon matarsa. Ya ga an fito da kujerar an goge ta.

Mataki na shida: Koyi kallon sama

Dokokin da aka rubuta na baƙi ne. Wadda ke riƙe da kulob ba a rubuta ta, ba a ma faɗarta. Ni zan faɗa maka, tunda ba ni da ƙuri'a a wurin.

A cikin filin an haƙa ramuka an cika da yashi don mugunta kawai. In ƙwallonka ta faɗa, sai ka sauka ka bugo ta daga ciki, ka fito, ka share sawunka da manjagara. Kowa haka yake yi, ban da Ciyaman. Ciyaman yana da ciwon gwiwa da ba wanda ya sani, ma'ana kowa ya sani. Sauka ba ta gagare shi ba, hawowa ce matsalar. Don haka duk ranar da ƙwallonsa ta faɗa yashi, zai tako bakin ramin, ya sa hannu a aljihu, ya ce, "Ko akwai wanda ya ga inda ta faɗi?" Nan take kowa zai ɗaga kai sama. In aka sauke kai sai a ga ikon Allah: ga ƙwallo a kan ciyawa, kusa da takalminsa. "A'a," in ji shi, "ashe ga ta nan." A ci gaba da wasa.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A kulob kuwa, abin da babba ya yi, yaro ko yana tsaye a kai bai gani ba.

Manaja bai iya faɗa wa Ya-Jiki wannan ba, don ba a faɗa. Iyakar abin da ya ce: "In ka ga kowa ya ɗaga kai, kai ma ka ɗaga."

"Me ake kallo?"

"Yanayi."

Mataki na bakwai: Ranar gwaji, kada ka san komai

Aka fita su huɗu: Ciyaman, Kanar, Manaja, da Ya-Jiki, masu jaka na biye. Ya-Jiki ya yi abin a yaba. Da ya ga Ciyaman, sai ya haɗiye gaisuwa, ya ɗan gyaɗa kai kawai. Kanar ya sari ƙasa, Ya-Jiki bai ce masa sannu ba. Wani ya yi atishawa, Ya-Jiki ya cije leɓe. Hannunsa na aljihu kamar an ɗinke. Manaja ya fara numfashi kamar mutum.

Sai ƙwallon Ciyaman ta tashi, ta yi sama, ta yi ta tafiya gwanin kyau, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ta faɗa ramin da ya fi kowanne zurfi a filin, mai gaɓa kamar ta kogi.

Aka taka har bakinsa. Ciyaman ya sa hannu a aljihu.

"Ko akwai wanda ya ga inda ta faɗi?"

Kawuna suka tashi sama. Ya-Jiki ma ya ɗaga nasa, yana duban yanayi kamar yadda aka umarce shi. Amma kunnensa bai tafi sama ba. Dattijo ya yi tambaya. Shiru. Mutum mai furfura, tsohon alƙali, ya tambayi ƙartin maza abu, ba wanda ya tanka. An hana shi gaisuwa, ya haƙura. An hana shi taimako, ya haƙura. Amma ba wanda ya ce masa kada ya amsa in babba ya yi magana.

"Ranka ya daɗe," ya ce, kansa na sama, yatsansa na ƙasa, "ga ta can a tsakiyar ramin. Fara tas."

Manaja ya rufe ido. Kanar ya yi wani ɗan sauti kamar an taka kyanwa. Hannun Ciyaman ya fito daga aljihu a hankali, ba komai a ciki. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana yanke hukunci da maganar shaida, ga shaida ya yi magana a gaban jama'a.

"Madalla," in ji shi. "Miƙo sanda."

Ya gangara. Ya kai duka, yashi ya tashi ya dawo masa a hula. Ya sake. Ya sake. Can dai ƙwallon ta gaji ta fito. Ba wanda ya tafa, don ba wanda ya gani.

Sai Ciyaman ya juyo zai hawo. Ya ɗora ƙafa a gaɓar, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya mayar da ƙafar. Ya shiga duba kan sandarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya gama, ya koma nazarin yashi.

Mataki na takwas: In ka riga ka ɓata, faɗa ramin da ƙafarka

Kowa na kallon sama. Saman nan ko ɗigon gajimare babu. Wuyan Manaja ya fara rawa. Can baya kuma ga wani rukunin 'yan wasa sun doso, su da matansu, kuma waɗannan ba su san cewa ana duban yanayi ba.

Ya-Jiki ya saci kallo ƙasa. Ya san wannan tsayuwar. Ya sha ganinta ta tagarsa: dattijo ya karɓi magani, ya dafa kanta, ya tsaya yana karanta takardar bango da ba ta shafe shi ba, yana jiran ƙafa ta yarda. Sai yanzu ya gane abin da ke sama, ya kuma gane abin da ya aikata.

Ya auna. In ya miƙa hannu ya ce "Sannu, kamo nan," ya gani ke nan, a gaban Kanar, kuma gobe war haka yana zura zare a allura. In ya ci gaba da kallon sama, zai yiwu a yafe masa, amma tsohon nan zai tsaya a rami har baƙi su iso su same shi. Hali zanen dutse. Ya ji ƙafarsa ta riga shi yanke shawara.

Ya ɗauki manjagara, don shara ce kaɗai taimakon da doka ta yarda da shi. Ya tako bakin gaɓar, ya saki jikinsa, ya sulale, ya zauna daɓas a cikin yashi, manjagara gefe, hula gefe.

"Wayyo ƙuguna! Ranka ya daɗe, ka taimake ni, na kasa tashi!"

Kawuna suka sauko. Wannan kam an yarda a gani.

Ciyaman ya dube shi. Ya-Jiki ya dube shi. Alƙalin da ya ga ƙarya iri-iri a rayuwarsa bai taɓa ganin wadda aka yi da rashin gwaninta irin wannan ba. Gashin bakinsa ya ɗan motsa.

"Kai, tashi mana! Ƙato da kai!" Ya miƙa hannu. "Kamo nan."

Ya-Jiki ya miƙe, ya shige ƙarƙashin hammatarsa. Ciyaman ya sarƙafo wuyansa, ya sakar masa nauyinsa gaba ɗaya, kuma tsohon ba ƙaramin mutum ba ne. Suka fara hawa. Nishin da Ya-Jiki ke yi yanzu na gaske ne.

"A hankali," Ciyaman ke cewa da ƙarfi yadda na nesa za su ji. "Ina riƙe da kai. Ɗaga ƙafar. Kada ka ji tsoro."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri. Allah ya bar mana ku."

Suka iso kan ciyawa daidai lokacin da baƙin suka ƙaraso. Wata daga cikinsu ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, dubi dattijon nan, da ƙarfinsa!"

Kafin su saki juna, abin da Ya-Jiki ya haɗiye tun safe ya kufce masa, a hankali, kusa da kunne.

"Sannu. Ya gwiwar?"

Ciyaman yana kallon tuta, leɓensa ko motsi bai yi ba.

"Da sauƙi. Wane magani ne ba ya ɓata ciki?"

Mataki na tara: Karɓi sunan da aka ba ka

Kwamiti ya zauna. Kanar ya miƙe ya jero laifuka tun daga rufin mota har zuwa "Allah ya ƙara," ya kuma daɗe a kan ƙwallon da aka kai masa da hannu biyu. Manaja yana waje a kan benci yana tunanin bayan gidansa.

Ciyaman ya bari ya gama.

"Duk gaskiya ne," in ji shi. "Mutumin nan bai iya wasa ba. Bai iya shiru ba. Ko tsayuwa a kan yashi bai iya ba. Da ba na wurin, da yanzu yana ciki. To irin wannan in muka sake shi a gari, alhakinsa a wuyanmu. A ɗauke shi memba. Da ni zai riƙa fita, in sa masa ido."

Aka dubi fuskarsa, hannuwa suka tashi. Na Kanar ya tashi a ƙarshe, rabi.

Tun daga ranar ba a sake jin sunan Ya-Jiki a kulob ba, sai Na-Rami. Labarin kuma kullum girma yake. Ramin ya ƙara zurfi, yanzu har ana cewa a baya Ciyaman ya goyo shi. Ta bakin ƙanwarmu ya isa shagon ɗinki.

"Baban yara, ashe faɗawa ka yi rami, tsoho ya ciro ka?"

"Haka aka ce."

"Ko kunya ba ka ji ba?"

"Ina makullin mota? Ciyaman na jira."

Kujerar maɓalli an ɗora mata tukunyar fure.

Akwai wani lungu a ƙarshen filin, bayan itatuwa, inda murya ba ta kaiwa zaure. In sun isa nan sukan tsaya, Na-Rami ya sauke duk abin da ya tara: an tashi lafiya, ya gida, ya iyali, ya gwiwa, ya aka ji da maganin. Ciyaman ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi lafiyar mai ɗinki. Sannan su gyara fuska su fito.

Sai dai Ciyaman ya daina sa hannu a aljihu. Ya gano yana son bugu daga cikin yashi, wai nan ake gane ɗan wasa. Saboda haka duk ranar da ƙwallonsa ta faɗa, zai gangara da kansa, ya bugo, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Na-Rami kuma ya ɗauki manjagara ya nufi gaɓa. Membobi har sun daina juyowa. "Na-Rami ya sake faɗawa," in ji su. "Allah dai ya ja kwanan Ciyaman."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da zai biyo baya. Ciwon wuya daga duban yanayi, ciwon ƙugu na ƙarya da ya rikiɗe ya zama na gaske, yashi a aljihu, yashi a injin wanki, da maganar da matarka za ta yi a kan yashin, duk naka ne. Sunanka na yanka in ya ɓace, kada a zo nema a wurina. In kuwa ka bi matakan nan kaf, ka naɗe tarbiyyar, ka kulle ta a mota, ka ɗaga gilashi, amma duk da haka ta ɓalle ta biyo ka har cikin rami, to wannan ba laifin darasina ba ne. Ka je ka kai ƙarar mahaifiyarka.